Kullum Kana Cikin Hidima, Amma Me Ka Gama?

Kamar yadda muka saba, ga shirin nan a rubuce, saboda 'yan'uwan da datarsu ba ta kai su saurari murya ba, da kuma waɗanda suke inda ba za a iya kunna sauti ba.

Bari in fara da tambaya. Yaushe rabon da wani ya ce maka “ya aiki?” ka amsa da “da godiya” ka yi shiru, ba ka ƙara da “wallahi abubuwa sun yi min yawa” ba? Ni dai na yi kusan shekara uku wannan ce amsata. Kuma in faɗa muku gaskiya, daɗin faɗarta nake ji. Ji nake kamar duk wanda ba shi da lokaci to shi ne mai muhimmanci a gari.

Maganar yau a kaina za ta fara, domin ni abin ya ci kafin in gane.

Da na gama bautar ƙasa na dawo gida, mu huɗu muka buɗe wani ajin yamma a unguwarmu. Wani dattijo ne ya ara mana garejinsa. Yara 32 muka tara, yawancinsu 'yan firamare ne da suka kai aji huɗu ko biyar amma ba su iya haɗa baƙi ba. Alhamis da Juma'a muke yi, ranakun da ba a zuwa Islamiyya. Allo ɗaya gare mu, sai alli da tabarmi, amma aikin yana tafiya. Cikin wata huɗu akwai yaran da suka fara karanta rubutun jikin shaguna suna zuwa suna ba mu labari.

Sai muka fara sa hotuna a Facebook, sai aka san mu. Yau a gayyace ni taron ƙara wa juna sani, gobe a ce in zo in yi jawabi, jibi a sa ni a kwamiti. Kafin shekara ta zagayo ina cikin ƙungiyoyi bakwai, ni ne sakatare a uku daga ciki. Ranar da na ƙirga guruf-guruf ɗin WhatsApp da ke wayata, 41 na samu. Yau ina Kaduna, mako mai zuwa ina Abuja, satifiket har na rasa inda zan ajiye.

Ajin fa? Na fara da fashin Alhamis ɗaya, ya zama biyu, ya zama wata guda. Abokan nawa su ma kowa da tasa hidimar. Babu wanda ya taɓa cewa an rufe, haka dai ya mutu a tsaye.

Wata Juma'a ina bakin titi ina jiran adaidaita sahu, sai ga wata yarinya cikin ɗalibanmu, ba za ta wuce shekara tara ba. Ta gaishe ni, sannan ta ce, “Malam, an tashi ajin ne? Mu muna ta zuwa muna tarar da ƙofa a kulle.” Kun san inda za ni a lokacin? Otal za ni, taro kan ilimin yara. Rigar da ke jikina ma rubutun ilimin yara ne a bayanta. Na ce mata za a dawo in sha Allah, na shiga adaidaita, amma har aka tashi daga taron nan ban fahimci kalma ɗaya ba.

A gida ma haka abin yake. Umma ta taɓa ce min, “Kai mai gyaran gari, kwana nawa rabonka da cin tuwon gidan nan da zafinsa?” Na yi dariya na wuce. Barcina bai fi awa huɗu zuwa biyar ba. Kullum da ciwon kai. Waya ta yi ƙara gabana ya faɗi. Mutanen da na ce don su nake wahala, sai ga shi in sun kira ni haushi nake ji. Ranar da jiri ya kwashe ni a masallaci aka kai ni asibiti, likita ya auna jinina, ya dubi katina, ya sake tambayata shekaruna. Ina da 27 a lokacin. Ya ce in ban canza yadda nake rayuwa ba, maganin hawan jini zan fara sha tun kafin in yi aure.

To mene ne sunan wannan abin?

Wanda ya taso da fitilar ƙwai ya san wani abu. Muddin akwai kananzir, man ne ke ci, lagwani yana nan lafiya. Da zarar mai ya ƙare ba a ƙara ba, wutar ba ta mutuwa nan take, sai ta koma cin lagwanin kansa. Haske ya ragu, hayaƙi ya yi yawa, ƙwan ya yi baƙi. Masana halayyar ɗan Adam ma da kalmar ƙonewa suke kiran wannan yanayi, wato mutum ya ƙone a bakin aiki. Ita zan yi amfani da ita a shirin nan.

Abin da ya ba ni mamaki da na bibiyi tarihin kalmar shi ne, a cikin masu aikin sa kai irinmu aka fara bayyana ta. Wani masani a birnin New York na Amurka mai suna Herbert Freudenberger, da rana yana duba marasa lafiya a ofishinsa, da dare kuma ya tafi wani asibitin kyauta da ke taimakon matasa masu shaye-shaye. Ya lura cewa masu aikin sa kai suna zuwa da zafinsu, amma bayan wani lokaci sai jiki ya mutu, fushi ya yi yawa, su fara kallon waɗanda suke taimako a matsayin kaya. Shi kansa abin bai bar shi ba. A 1974 ya wallafa rubutu a kai, kuma cikin abin da ya nuna akwai cewa waɗanda suka fi ba da kansu ga aikin su ne suka fi shiga haɗarin. Malalaci ba ya ƙonewa, jama'a. Mai kishi ne ke ƙonewa.

Daga baya Farfesa Christina Maslach ta Jami'ar California da ke Berkeley, ita da abokiyar aikinta Susan Jackson, suka fitar da ma'aunin gane wannan matsala a 1981. Alamomi uku suka tsaya a kai. Ta farko, gajiyar da barcin dare ɗaya ba ya kore ta, ka tashi da safe kamar ba ka kwanta ba. Ta biyu, zuciyarka ta yi nisa da aikin, ka fara cewa “duk ƙarya ce, ƙasar nan ba za ta gyaru ba,” ka daina tausayin mutanen da kake wa hidima. Ta uku, ka riƙa jin ba ka tsinana komai, kuma da gaske aikin naka ya fara lalacewa. Ni duka ukun na haɗa.

A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana ƙonewa a kundinta na rarrabe cututtuka. Ba ta kira ta cuta ba, ta ce yanayi ne da ke tasowa daga matsin aiki da ya daɗe ba a shawo kansa ba. Sannan a 2021 hukumar tare da Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya suka fitar da ƙiyasin cewa a shekarar 2016 kaɗai, mutum 745,000 ne suka mutu da shanyewar ɓarin jiki da ciwon zuciya saboda doguwar awar aiki. Wanda ke aikin awa 55 ko fiye a mako, haɗarin shanyewar jiki a kansa ya fi na mai awa 35 zuwa 40 da kashi 35 cikin 100, haɗarin mutuwa da ciwon zuciya kuma ya fi da kashi 17. Ka raba awa 55 a kan kwana shida, za ka ga awa tara ce da 'yan mintuna a rana. Yanzu ka haɗa aikinka na neman abinci, da mitin, da rubuta rahoto, da amsa saƙonni har ƙarfe ɗayan dare, ka ga ko ba ka wuce nan ba. A Japan har suna gare su na musamman, karoshi, wato mutuwa saboda yawan aiki.

To me ya sa muke faɗawa ciki, mu matasa musamman? Ni dai abu huɗu na gani a kaina.

Na farko kunya da kara. An raine mu a kan cewa ba a ce wa babba a'a, ba a watsa wa aboki ƙasa a ido. Tarbiyya ce mai kyau, amma mun karkatar da ita. Za a ce ka zo taro, ka san sarai ba za ka iya ba, sai ka ce “in sha Allah.” Mun mayar da wannan kalma mai girma mafakar wanda ya kasa cewa a'a. Ƙarshenta ko dai ka je a gajiye ka zauna kamar gunki, ko ka ƙi zuwa ka zama mai saɓa alkawari. Ka ga an yi biyu babu.

Na biyu son a gan mu. Wannan da ɗaci amma gaskiya ce. Koyar da yaro harafin “ba” a gareji ba ya kawo tafi. Hoto da babban mutum a otal kuwa yana kawowa. Sannu a hankali sai ka bar aikin da ke da amfani ka koma wanda ke da hoto, kuma ba za ka san lokacin da ka sauya ba.

Na uku tsoron kada dama ta wuce. Wanda ya gama jami'a ya zauna ba aiki ya san wannan. Kowane taro sai ka ce wataƙila a nan zan haɗu da wanda zai taimake ni. Ga ɗan kuɗin mota da ake bayarwa, wanda wani lokacin shi ne cefanen mako. Ba na raina wannan dalili ko kaɗan, zan dawo kansa.

Na huɗu waya. Farfesa Gloria Mark ta Jami'ar California da ke Irvine ta daɗe tana auna tsawon lokacin da mutum ke tsayawa a kan abu ɗaya a fuskar kwamfuta kafin ya tsallaka wani. A 2004 kusan minti biyu da rabi ne. A binciken shekarun baya-bayan nan ya dawo kusan daƙiƙa 47. Wata mai bincike kuma, Sophie Leroy, ta nuna a 2009 cewa idan ka bar aiki ba ka gama ba ka koma wani, wani ɓangare na hankalinka yana nan maƙale a na farkon. Shi ya sa za ka wuni kana tsalle daga wannan guruf zuwa wancan, dare ya yi ka gaji liƙis, amma in an ce nuna abin da ka yi, babu. Iyayenmu sun riga su faɗa, taura biyu ba ta taunuwa.

Yanzu bari in kawo misalin abin da tsayawa a kan abu ɗaya ke haifarwa, daga cikin gwagwarmayar matasan Najeriya. Kun tuna fafutukar Not Too Young To Run, ta rage shekarun tsayawa takara? Ƙungiyar YIAGA ce ta ja gaba tare da wasu ƙungiyoyin matasa masu yawa. Matsalolin matasa ba sa ƙirguwa, amma su buƙata ɗaya suka riƙe: a gyara tsarin mulki a rage shekaru. An gabatar da ƙudurin a majalisa a 2016, Tony Nwulu a Majalisar Wakilai, Abdul'aziz Nyako a Majalisar Dattawa. Majalisar ƙasa ta amince a 2017. Gyaran tsarin mulki kuma sai aƙalla majalisun jihohi 24 cikin 36 sun yarda, don haka aka bi su jiha-jiha. Ranar 31 ga Mayu, 2018 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu. Shekarun takarar shugaban ƙasa suka dawo 35 daga 40, na Majalisar Wakilai da majalisun jihohi suka dawo 25 daga 30. Kana iya cewa dokar ba ta magance tsadar siyasa ba, kuma ka yi gaskiya. Amma abin da suka sa a gaba sun gama shi. Ni a shekarun da na yi ina rarraba kaina gida bakwai, me na gama?

To ga abin da na yi bayan na fito daga asibiti. Ba na cewa shi ne kaɗai hanya, abin da ya yi min aiki ne nake faɗa.

Da farko na sayi ɗan littafi na rubuta duk abin da na yi na tsawon mako guda, awa bayan awa, ba ƙarya ba kwaskwarima. Da na tattara, na samu awa 19 a mitin da zirga-zirgar zuwa mitin, sama da awa 30 a kan waya, ajin yara kuwa ko minti ɗaya babu. Kafin nan da za ka tambaye ni abin da na fi damuwa da shi, cewa zan yi ilimin yara. Littafin ya ƙaryata ni. Ka gwada, za ka sha mamaki.

Na biyu, na jera duk nauyin da ke kaina, kowanne na yi masa tambaya uku. In na bari, wa zai cutu, kuma zan iya kiran sunansa? Akwai wanda zai iya yi in ba ni? Da a ce yau ne aka fara kawo min tayin, zan karɓa? Wannan ta ukun ita ce wuƙar. Abubuwa da yawa muna riƙe da su ne kawai don mun riga mun fara. Da na gama, uku suka rage: aikin da nake ci da kaina, ajin yara, da ƙungiya ɗaya da na tabbatar aikinta yana isa ga mutane. Gida da ibada da lafiya ba su shiga lissafin ba, domin su ne ƙasan da sauran ke tsaye a kai.

A nan akwai wani bambanci da ya taimake ni, tsakanin abin gaggawa da abu mai muhimmanci. Tsohon shugaban Amurka Dwight Eisenhower ya yi maganarsa a wani jawabi a 1954, daga baya marubuci Stephen Covey ya yaɗa shi a littafinsa na 1989. Abin gaggawa shi ne mai ihu: waya na ƙara, an ce a turo suna kafin ƙarfe huɗu. Abu mai muhimmanci yawanci shiru yake yi: karatunka, lafiyarka, mahaifiyarka, yaran da ke tsaye a ƙofar gareji. Ba sa kira, ba sa turo saƙo. Sai ranar da suka lalace za ka ji su. Don haka yanzu su nake fara sa wa lokaci a mako, abin da ya rage sai a raba wa masu ihu.

Na uku, na koyi cewa a'a irin tamu. Ba sai ka yi rashin kunya ba. In babba ne, ba na tura saƙo, takawa nake in same shi in gaishe shi, in ce, “Ranka ya daɗe, na gode da ka tuna da ni. Akwai amanar da na riga na ɗauka, ina tsoron in karɓi wannan in ba ka kunya. Amma ga wance, ta fi ni sanin fannin, in ka yarda in haɗa ku.” Wallahi mafi yawansu addu'a suke sa min. In aboki ne kuwa, “Mutumina, wannan karon ba da ni ba, kada in ce maka to in bar ka a rana.” Sannan na daina amsawa nan take. Duk tayin da aka kawo, sai in ce a ba ni zuwa gobe. Kwana ɗaya ya isa zumuɗi ya sauka hankali ya dawo. Ka riƙe wannan: a'a da wuri ta fi “to” da ba za a cika ba mutunci.

Na huɗu, na miƙa ragama. Muƙaman sakatare ukun nan, ban watsar na gudu ba. Na ba da wata guda, na tattara takardu, na zauna da waɗanda za su karɓa na nuna musu komai. A nan na gano wani abu da ya ɗan ƙona min rai: ashe duk suna tafiya lafiya ba ni. Wata ƙanwarmu da ta karɓi ɗaya daga ciki ta fi ni iya aikin nesa ba kusa ba. Shekara biyu na tare mata hanya ina cewa ba wanda zai iya. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, mun sani, amma sai ka ga mutum ya rungume jinkar shi kaɗai yana kukan nauyi.

Na biyar, waya. Na fita daga guruf 29, na yi sallama a waɗanda ya kamata. Sauran na kashe musu ƙara. Sau uku nake duba saƙonni a rana: da hantsi, bayan Azahar, da bayan Magariba. Ƙarfe goma na dare wayar tana falo a caji, ni ina ɗaki. Na gaya wa mutane cewa in abu ya yi zafi a kira ni kai tsaye. Kun san sau nawa aka kira a watan farko? Sau biyu.

Na shida, hutu ya shiga jadawali kamar yadda mitin ke shiga. Masana barci sun ce baligi yana buƙatar aƙalla awa bakwai a dare. Da can gani nake barci na ragwaye ne. Sai wani malaminmu ya tuna min labarin Salmanul Farisi da Abud Darda'i, Allah ya ƙara musu yarda. Salman ya kai wa ɗan'uwansa ziyara ya tarar ya duƙufa da azumi da tsayuwar dare har iyalinsa sun shiga wani hali. Ya sa shi ya ci abinci, ya sa shi ya kwanta sai ƙarshen dare suka tashi tare, ya tuna masa cewa bayan haƙƙin Ubangijinsa, jikinsa da iyalinsa su ma suna da haƙƙi a kansa. Da labari ya je wa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, sai ya gaskata Salman. Malam ya ce min, “To in ibada ma an ce a yi ta da awo, kai mitin ne za ka kashe kanka a kai?” Da ruwan ciki ake jan na rijiya.

Kada in yaudare ku, abin ya zo da asara. Akwai waɗanda suka ce na yi girman kai. Akwai wanda har yau gaisuwarmu sama-sama ce. Gayyata ta ragu sosai, kuɗin motar nan da nake samu ya tsaya, na yi watanni ina lissafin kowace naira. Makonnin farko in na ga hotunan taro babu ni, sai in ji kamar an binne ni da rai. Amma wannan jin yana wucewa.

Mun sake buɗe ajin. Cikin yara 32, 18 ne suka dawo. Yarinyar nan da ta tare ni a bakin titi ba ta cikinsu, iyayenta sun tashi daga unguwar kafin mu dawo. Ban san ko ta iya karatu yanzu ba. Wannan yana cikin abubuwan da ba na mantawa duk lokacin da aka kawo min sabon tayi.

Kafin in rufe, akwai abu uku da adalci ya sa dole in faɗa.

Na ɗaya, ba kowa ne ke da zaɓi ba. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 rayuwa ta ƙara tsada, akwai mai koyarwa da safe, ya ja adaidaita da yamma, ya yi gadi da dare, don kawai a ɗora tukunya. Akwai 'yar'uwar da ke karatu, tana sana'a, ga girki ga raino, ba mai kama mata. Ba zan zauna a nan in ce musu su rage aiki ba. Abin da zan ce shi ne, in ba za ka iya rage na dole ba, to kada ka ɗora wa kanka na ganin ido a kai. Mu kuma da ke gida ɗaya da su, mu rage musu wani abu.

Na biyu, ga shugabannin ƙungiyoyi. Maslach da abokin bincikenta Michael Leiter sun nuna cewa ƙonewa ba laifin mutum shi kaɗai ba ne, yanayin wurin aiki yana da babban kaso: yawan aiki, rashin ba mutum ta cewa, rashin yabawa, rashin haɗin kai, rashin adalci, da sa mutum abin da ya saɓa wa abin da ya yi imani da shi. In a ƙungiyarku mutum uku ne ke yin komai, ana kiran mitin ƙarfe tara na dare, wanda ya ce ya gaji a ce ba shi da kishi, to ku ne kuke ƙona mutanenku.

Na uku, ƙonewa daban, ciwon damuwa daban, duk da suna kama kuma ɗaya na iya kai mutum ga ɗayan. In ka rage aiki ka huta amma baƙin ciki bai tafi ba har sama da mako biyu, ba ka jin daɗin komai, abinci da barci sun rikice, ko tunanin cutar da kanka yana zuwa maka, to wannan ya wuce gyaran jadawali. Ka gaya wa wanda ka yarda da shi, ka ga likita. Akwai asibitocin ƙwararru a Barnawa ta Kaduna, da Dawanau a Kano, da Kware a jihar Sakkwato, da Maiduguri, kuma ko babban asibitin da ke kusa da kai za su iya nuna maka hanya. Zuwa can ba hauka ba ne, neman lafiya ne kamar kowane.

Ga aikin gida na wannan mako. Ka samu takarda, ki samu takarda, a rubuta duk nauyin da aka ɗauka. A zagaye uku da in an bar su wani zai cutu da gaske. Cikin sauran a zaɓi guda ɗaya tak, a je a sauke shi cikin mutunci kafin Juma'a mai zuwa. Guda ɗaya kawai na ce. Wanda ya yi, ya zo ya ba mu labarin yadda ta kaya, musamman yadda aka karɓi a'ar tasa, domin na san a nan gizo ke saƙar.

Ni ma yanzu zan tashi, yau Alhamis, ƙarfe huɗu yara na jirana a gareji.

Allah ya sa wa lokacinmu albarka, ya ba mu lafiya da ikon cika alkawari. Sai mun haɗu a shiri na gaba. Wassalamu alaikum.